Babi na Shida: Maƙerin Linzami da Mai Doki

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗaya daga cikin gidajen gem ɗin nan da ke lungunan Kano ko Zariya ko Maraɗi, inda samari suke cika ɗaki suna buga ƙwallo a fuskar talabijin, ya ji sunan da suka laƙaba wa abin da ake riƙewa a sarrafa wasan da shi: hannu suke ce masa. Za ka ji wani ya ce a miƙo masa hannu, wani ya ce hannunsa ya mutu shi ya sa aka ci shi, kuma ƙaramin cikinsu ma ya san bambancin hannun da ya zo tare da akwati daga kamfani da wanda wani maƙeri can dabam ya kwaikwaya ya sayar da araha. Sunan ya dace ƙwarai, gama ta wannan ɗan abu ne kaɗai nufin mutum yake ratsawa ya shiga cikin na'ura. Amma ni a wannan babi na fi son in kira shi linzami, saboda mas'alar da za mu duba ta wasu mutane ce da suka ƙware a ƙirar linzami alhali ba su mallaki doki ko ɗaya ba, suna ƙira suna jiran mai doki ya yarda a sa wa dabbarsa.

Kafin mu kai gare su, wajibi ne mai karatu ya fahimci yadda wannan tijara take tafiya, domin ba ta yi kama da sayar da rediyo ko keke ba. Kamfanin da ya ƙera akwatin wasa, ko Nintendo ko Sony ko Microsoft, sau da yawa ba ya neman ribarsa a jikin akwatin. Har yakan sayar da shi ƙasa da abin da ya kashe wajen ƙera shi, kamar yadda Sony ta yi da PlayStation 3 a shekarunsa na farko, domin ya san duk faifan wasan da wani zai buga wa akwatin sai an biya shi la'ada a kansa. Misalinsa kamar mutumin da ya share fili ya kafa rumfuna ya kira jama'a, sa'an nan ya zauna a bakin ƙofa yana karɓar kuɗin rumfa, kuma shi ke da ikon cewa wane ya shiga, wane ya koma. Nintendo ce ta tsananta wannan ƙa'ida bayan kasuwar wasannin bidiyo ta Amurka ta durƙushe a 1983 saboda yawan tarkacen da kowa ya yi ta zubawa. Da ta kai akwatinta NES Amurka a 1985, sai ta dasa masa wata ƙwayar lantarki mai aikin gadi, wadda ba ta barin kaset ya yi aiki sai in yana ɗauke da 'yar'uwarta da aka karɓo daga Nintendo da izini. Shekara ashirin bayan haka, da Microsoft ta fitar da Xbox 360, ita ma ta riƙe asirin yadda hannu marar waya yake magana da akwati, har maƙeran waje suka daɗe ba su da abin sayarwa sai mai waya. Ban ɗauki wannan tsaro zalunci tsantsa ba, domin akwai maslahar mai saye a cikinsa. Sai dai shi ne katangar da dukan labarin nan zai yi ta karo da ita.

Burin a jefar da maɓallai a yi wasa da jiki kai tsaye, a kai naushi a iska mutumin cikin talabijin ya kai nasa, tsohon buri ne, kuma 'yan waje ne suka fara cusa kai cikinsa da gaske. A 1989 kamfanin Mattel, mai yin 'yartsana da kayan wasan yara, ya fito da wata safar hannu mai suna Power Glove domin akwatin NES. Asalinta wata safa ce ta masu bincike da kamfanin VPL ya ƙera, mai tsadar dubban daloli, aka rage mata kaya aka sauƙaƙa ta har ta kai farashin da uba zai iya saya wa ɗansa. A bayan safar akwai wasu 'yan ƙananan bakuna biyu masu fitar da sautin da ya fi ƙarfin kunnen ɗan Adam, a jikin talabijin kuma ana kafa kunnuwa uku masu sauraronsa, ta yadda daga bambancin lokacin da sautin ya ɗauka kafin ya isa kowane kunne na'ura take lissafa inda hannun yake. A kan yatsu kuma an shimfiɗa wani tawada mai ɗaukar lantarki wanda yake sanar da ita an lanƙwasa yatsa ko an miƙe. Hikima ce babba a zamaninta, kuma an yi mata talla har cikin wani fim na wannan shekarar, yara suka kwana suna mafarkinta. Amma da aka kai ta gida sai aka tarar wasanni biyu kacal aka yi dominta, sauran ɗaruruwan wasannin NES kuwa an gina su ne a kan maɓallai, sai yaro ya danna wasu lambobi a allon da ke damtsen safar kafin ta kwaikwayi maɓallan nan, kuma kwaikwayon bai kai na asali sauri ko daidaito ba. Yaro ya ɗaga hannu minti goma kafaɗa ta gaji, ya tuɓe ta ya koma wa tsohon hannunsa. Ba ta shekara biyu a kasuwa ba aka daina yin ta.

A nan ne illar take, kuma ita ce irin abin da malaman manɗiƙi suke kira dauri, wato abu biyu da samuwar kowannensu ta rataya a kan samuwar ɗan'uwansa. Mai rubuta wasa, wanda zai kashe shekara biyu da dukiya mai yawa, ba zai gina wasansa a kan linzamin da mutum ɗaya cikin ɗari ya mallaka ba. Mai saye kuwa ba zai ba da kuɗinsa a kan linzamin da ba shi da wasanni ba. Kowa yana jiran ɗaya ya fara, maƙeri kuma yana tsakiya da kayansa jibge a sito. Babu mai iya warware wannan ƙulli da sauƙi sai mai akwatin kansa, domin shi kaɗai zai iya sa linzamin cikin kowane kwali, ya ce wa marubuta wasanni duk gidan da akwatina ya shiga wannan ma ya shiga.

Duk da haka masu ƙira ba su daddara ba. A 2004 wani ƙaramin kamfani na Ingila, In2Games, ya fito da Gametrak domin PlayStation 2, kuma ina ƙaunar wannan na'ura saboda sauƙin dabararta. Wani ɗan akwati ne ake ajiyewa a ƙasa gaban ƙafafu, daga cikinsa zare biyu suke fitowa, kowanne a naɗe a ƙwarƙwaro mai komawa da kansa kamar tef ɗin awo na kafinta, a maƙala su a safar hannu ta dama da ta hagu. In ka ɗaga hannu zaren ya warware, in ka sauke ya naɗe, in ka karkata ya karkata, akwatin kuwa yana auna tsawon zaren da kusurwar da ya bi, daga nan ya san inda kowane hannu yake a sarari ba tare da kyamara ko sauti ba. Da wasan golf da aka yi mata, mutum yana tsaye a tsakar ɗakinsa yana wurga sanda kamar yana fili, ta sami karɓuwa daidai gwargwado. Amma gwargwadon nata bai wuce na mai rumfa guda a gefen kasuwa ba.

Sai shekarar 2006 ta zo da abin da ya girgiza kasuwar, wato akwatin Nintendo mai suna Wii, wanda ake sarrafa shi da sanda. Nintendo, tsohon gida na birnin Kiyoto wanda ya fara da buga katin wasa tun 1889, ta sha kaye a zagayen da ya gabata, inda PlayStation 2 na Sony ya yi wa akwatinta GameCube nisa maras misali; shugabanta Satoru Iwata ya yanke shawarar ba za ta bi Sony da Microsoft cikin tseren ƙarfin inji da kyawun hoto ba, za ta nemi mutanen da ba su taɓa riƙe hannu ba. Abin lura shi ne ita ma daga waje ta tattaro kayan aikinta. Tun 2001 ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin Kalifoniya mai suna Gyration, mai yin linzamin kwamfuta da ake juyawa a iska, wanda mai shi, Tom Quinn, ya ba da labari daga baya cewa ya riga ya kai hajarsa wa Microsoft da Sony ba su saya ba. Ƙwayar da ke jin gudu da karkata a cikin sandar Wii ta kamfanin Analog Devices ce, ɗan idon da ke bakinta kuma na PixArt ne na Taiwan. Idon nan ba ya ganin komai sai hasken da idon mutum ba ya gani, wanda yake fitowa daga gefe biyu na wata 'yar siririyar sanda da ake ɗorawa a kan talabijin. Har mutane suka gano cewa in wannan ta kan talabijin ta ɓace, kyandir biyu da aka kunna aka jera a gaban talabijin suna iya tsayawa a madadinta, domin harshen wuta ma yana fitar da irin wannan haske. Babu wani abu a ciki da ya gagari Sony ko Microsoft. Abin da Nintendo ta yi wanda Mattel ba ta da ikon yi shi ne ta mai da sandar Wii ita ce hannun akwatin na asali, ta haɗa da wasan Wii Sports a cikin kwali a mafi yawan ƙasashen da ba Japan ba, ta sa farashi dala 250 a lokacin da PlayStation 3 yake dala 499 da 599.

Na ga tasirin wannan da idona a gidan wani aboki, ranar da mahaifiyarsa, dattijuwar da ba ta taɓa kula wasannin jikokinta ba sai don ta ce a rage ƙara, ta tsaya tana kallon yara suna wurga ƙwallon da ake kayar da sanduna da shi. Ba wanda ya koya mata kome. Aka sa mata igiyar sandar a wuyan hannu, ta gyara mayafinta, ta ja hannu baya ta wurga kamar mai watsa wa kaji tsaba, sandunan cikin talabijin suka zube, ɗakin ya kaure da shewa, ita kuwa ta ce a sake jera mata. Irin wannan ya faru a gidaje bila adadin, har mutane suka riƙa wurgi da ƙarfin da igiyar take tsinkewa sandar ta fasa talabijin, Nintendo ta sanar a Disambar 2006 cewa za ta musanya igiya miliyan 3.2 da masu kauri. Akwatin ya yi ta yankewa a kantuna har shekara biyu, a ƙarshe kuma an sayar da fiye da miliyan 100.

To, a nan ne 'yan waje suka hango abin da suka ɗauka ƙofar arziki ce. Ga miliyoyin gidaje masu Xbox 360 da PlayStation 3, akwatunan da suka fi Wii ƙarfi nesa ba kusa ba, amma ba su da sandar wurgi. Sony ta ɗan sa jin karkata a hannunta Sixaxis, sai dai bai gamsar da kowa ba, Microsoft kuwa ba ta da komai. Ƙiyasin da maƙera suka yi mai kyau ne a zahiri: wanda ya riga kowa kai wa waɗannan gidaje sanda, musamman in ta fi ta Nintendo daidaito, ya gaji rabin kasuwa. Sandar Wii ta farko kuwa tana da rauni sananne, domin tana jin an wurga amma ba ta tantance juyin wuyan hannu sosai, shi ya sa yara suka gano ana iya cin wasan tanis daga kwance da ɗan kaɗa hannu. Masu Gametrak suka jefar da zare suka koma wa sautin da kunne ba ya ji, suka ƙera sanda marar waya mai suna Freedom. Wani kamfanin Amurka mai yin kayan haɗi, PDP, ya saye su a 2008, aka yi shelar cewa sandar za ta fito domin Xbox 360 a ƙarshen 2009 tare da wasanta mai suna Squeeballs, aka nuna wa 'yan jarida suka gwada.

Abin da ya biyo baya ya faru ne cikin kwana biyu. A babban taron baje kolin wasanni na E3 a birnin Los Anjalis, ranar 1 ga Yuni 2009, Microsoft ta hau dandamali ta nuna wata kyamara da ta kira Project Natal, wadda take ganin jikin mutum duka ba tare da ya riƙe komai ba. Washegari Sony ta nuna tata sandar mai ƙwallon haske a kai. A cikin watan nan kuma Nintendo ta fara sayar da MotionPlus, ɗan ƙarin da ake maƙala wa gindin sandarta, mai ma'aunin juyi na kamfanin InvenSense, wanda ya toshe raunin da 'yan waje suke fatan shiga ta cikinsa. Natal da sandar Sony ba su isa kanti ba sai bayan fiye da shekara guda, amma shelar kaɗai ta wadatar, domin daga ranar babu marubucin wasa mai hankali da zai ɗaura aikinsa a kan sandar baƙo alhali ta mai gida tana tafe, babu kuma mai kanti da zai cika shagonsa da ita. Freedom ba ta taɓa fitowa ba. Wasan da aka yi dominta, bayan an ɗan sauya masa suna, a kan Wii ya fita, ana buga shi da sandar da aka ƙera Freedom don ta kayar. Duk lokacin da na tuna wannan sai in ji tausayin mutanen da suka ba da shekarunsu ga aikin, domin ba a gwada ƙirarsu aka same ta da aibi ba. Ba ta ma sami ranar gwaji ba.

Za a iya kawo mini hujja da Guitar Hero, kuma hujja ce mai ƙarfi. Kamfanin RedOctane ɗan waje ne tsantsa, sana'arsa ita ce yin tabarmar rawa ta lantarki domin wasan wasu; a 2005 ya haɗa kai da marubutan Harmonix suka fito da garayar roba mai maɓallai biyar, wadda ita ma take jin an ɗaga wuyanta sama, suka sayar da ita cikin kwali ɗaya da wasanta, jama'a suka yi rububinta. Sai dai in an duba da kyau za a ga ya tsira daga daurin nan ne domin bai nemi ya zama linzamin kowane wasa ba. Ya zo da dokinsa ƙarami da linzaminsa tare, bai roƙi kowa ya rubuta masa komai ba, bai kuma yi takara da hannun mai gida ba. Da abin ya bunƙasa, kamfanin Activision ya saye shi a 2006, ya yi ta fitar da sabon bugu a kan sabon bugu har mutane suka ƙoshi, ya rufe RedOctane a 2010.

Saura hanya ɗaya, ita ce maƙeri ya haƙura da sunansa ya shiga gidan mai doki ya yi masa barance. Idon Natal, wanda aka sake wa suna Kinect aka fitar ranar 4 ga Nuwamba 2010 a kan dala 150, ƙirar wani kamfani ne na Isra'ila mai suna PrimeSense: yana watsa dubban ɗigon hasken da ido ba ya gani a kan ɗaki da mutanen cikinsa, daga yadda ɗigon suka gurɓace a jikin abu yake gane nisansa. An sayar da miliyan 8 cikin kwana 60 na farko, abin da ya shiga kundin Guinness, kuma cikin masu sayen nan ƙalilan ne suka taɓa jin sunan PrimeSense. Barancen ma bai dawwama ba, gama da Microsoft ta tashi yin Kinect na biyu domin Xbox One sai ta yi amfani da wata fasaha da ta riga ta saye ta zama tata. Apple ce ta sayi PrimeSense a 2013, kuma zuriyar waɗancan ɗigo ce take duba fuskar mai iPhone ta buɗe masa waya tun daga 2017.

Mai dokin kansa bai kuɓuta ba. Microsoft ta ɗauki darasin Wii, cewa linzami sai ya shiga kowane kwali, ta tilasta Kinect a cikin kowane Xbox One a 2013, farashi ya zama dala 499 alhali PlayStation 4 yana 399. Amma a lokacin ɗokin wurgi ya riga ya lafa, dattijuwar nan da ire-irenta sun koma wasa a wayar hannu, 'yan gem na haƙiƙa kuwa, irin masu cika gidajen gem, ba su taɓa son barin maɓallansu ba. Sony ta wuce gaba, Microsoft ta cire kyamarar daga kwali a Yunin 2014 ta rage dala 100, a 2017 ta daina ƙera ta ɗungum.

Kayan 'yan waje kuwa sun sami wasu iyayengiji da ba a ƙera su dominsu ba. Kamfanin Sixense, wanda ya yi linzami mai aiki da maganaɗisu, ya kauce wa akwatuna ya nufi kwamfuta, inda babu mai gadi a ƙofa, aka fitar da shi da sunan Razer Hydra a 2011. Bai yi kasuwa ba, har sai da tabaran Oculus na gwaji ya fito a 2013, masu ƙirƙira suka ga suna bukatar abin da zai kai hannayensu cikin duniyar da tabaran yake nuna musu, suka bi kantuna suka kwashe ragowar. Gametrak mai zare kuma, bayan an zubar da shi a kasuwar gwanjo da arahar banza, mawaƙa da makaɗan jami'o'in Amurka ne suka tsince shi, musamman ƙungiyoyin kiɗan kwamfuta na Princeton da Stanford, domin sun tarar yana auna motsin hannu da daidaiton da ba su samu a na'urori masu tsada ba. Ɗalibi yakan tsaya a dandamali da ɗan akwatin a gaban ƙafafunsa, ya ja zaren dama sama sauti ya tashi, ya karkatar da na hagu sautin ya yi kauri, ya saki duka biyu su koma cikin ƙwarƙwaronsu, ɗakin ya yi tsit.